Ciwon kan da ke zuwa ya wuce nan take: tambayoyi da amsoshi

A Gusau, ko Ƙaura Namoda, ko Talata Mafara, in mutum ya ce kansa na ciwo abu uku ake fara kawowa: maleriya, taifot, hawan jini. Sau da yawa kuma ana dacewa. Amma akwai 'yan tsirarun mutane da ciwonsu bai shiga ko ɗaya cikin ukun nan ba. Yana sauko musu ne farat ɗaya, galibi a gefe guda, ya gigita su na 'yan sakan ko mintuna, ya ɗauke, ya sake dawowa. Irinsu kan shekara da shekaru suna yawon kemis da gidajen masu magani ba a faɗa musu sunan abin da ke damunsu ba. Dominsu aka tara waɗannan tambayoyi.

Ciwon da ke wucewa kafin a kai bakin kemis, shi ma na zuwa asibiti ne?

Na zuwa ne, in yana maimaituwa. Gajartar ciwo ba ta nuna sauƙinsa. Cikin ciwukan da suka fi kowane zafi a jikin ɗan Adam akwai waɗanda ba sa kai minti biyu. Kuma gajartar tasu ce ke sa kwayar farasitamol ba ta yi musu komai, domin kwayar da aka haɗiya tana bukatar kusan rabin awa kafin ta fara aiki, lokacin kuwa ciwon ya riga ya tafi da kansa. Sai mutum ya ɗauka kwayar ce ta yi, ya ci gaba da sha.

Ashe ba duk ciwon ɓarin kai ba ne?

A'a, kuma nan ne ruɗanin ke farawa. Ciwon ɓarin kai da aka saba da shi, wanda ya fi kama mata, yana ɗaukar awa 4 zuwa 72 in ba a sha magani ba. Yana zuwa da tashin zuciya, mai shi ba ya son haske ko hayaniya, yana neman ɗaki mai duhu ya kwanta kada ya motsa. Waɗanda muke magana a kansu gajeru ne, suna zuwa sau da yawa a yini, wasunsu ma ba sa barin mutum ya zauna wuri ɗaya. Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya, a bugu na 3 na jadawalinta da ya fito a 2018, ta ware kowanne da sharuɗɗansa, kuma mafi yawan sharuɗɗan nan lokaci ne da ƙidaya: minti nawa yake yi, sau nawa yake zuwa, me ke faruwa da ido a lokacin.

To waɗanne ne su, kuma yaya ake bambanta su?

Akwai jijiya babba a kowane gefe na fuska, likitoci na kiranta tirajeminal, mai rassa uku: ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kunci da leɓen sama, ɗaya muƙamuƙi. Ita ke ɗauko jin zafi daga fuska da gaban kai. Tana kuma da alaƙa da wasu jijiyoyi da ke sarrafa hawaye da majina. In reshen ido ya harzuƙa, sai ya tayar da waɗancan, shi ya sa za ka ga ido ɗaya ya yi ja yana zubar da ƙwalla, hanci na wannan gefe ya toshe ko yana yoyo, fatar ido ta kumbura ko ta sauko, ɗaya gefen kuma lafiya lau. Cututtuka uku ne ke da wannan kama, 'yan gida ɗaya ne, lokaci ne ya raba su.

Na farko, kuma wanda aka fi samu, shi ne ciwon kai na kulasta. Kowane zuwa yana yin minti 15 zuwa awa 3. Yakan zo daga sau ɗaya a kwana biyu har zuwa sau 8 a yini. Ya fi kama maza, galibi yana farawa tsakanin shekara 20 da 40, kuma yawancin masu shi sun taɓa shan taba. Kimanin mutum 1 cikin 1,000 ke da shi, don haka a gari mai girman Gusau ba a rasa su ba, ganewa ce ba a yi. Abu biyu ke tona shi. Ɗaya, yana da lokaci: yakan tashi mutum daga barci kusan a lokaci guda kowane dare, awa ɗaya ko biyu bayan ya kwanta, ya yi ta haka makonni ko watanni, sannan ya ɓace watanni ko shekara, ya dawo sau da yawa a irin watan da ya zo bara. Wannan tsari yana da nasaba da wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa, haifotalamos, wanda ke riƙe da lokutan barci da farkawa. Na biyu, mai shi ba ya iya kwanciya. Yana zagaye tsakar gida riƙe da ido, yana jijjiga, wani har yana buga kai da bango. Magidanci mai dauriya, wanda ba a taɓa ganin hawayensa ba, sai a gan shi yana birgima, bayan awa ɗaya ya tashi kamar ba shi ba. Iyali da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa iska ce.

Na biyu shi ne hemikiraniya mai zuwa a kai a kai. Kamanninsa ɗaya da kulasta, sai dai ya fi gajarta, minti 2 zuwa 30, kuma ya fi yawan zuwa, sama da sau 5 a yini, wani lokaci fiye da 10. Bai ware maza ba, mata ma sun ɗan fi samunsa. Likitan Nowe Ottar Sjaastad da abokin aikinsa Dale ne suka fara bayyana shi a 1974. Babbar shaidarsa magani ce: kwayar indometasin tana ɗauke shi ɗungurungum cikin 'yan kwanaki, alhali 'yan uwanta irin su ibufurofen da dikulofenak ba sa yin haka. In an ba da cikakken ma'auni bai ɗauke ba, to a koma a sake tunani, ba shi ba ne. Yana da ɗan uwa wanda ciwonsa ba ya yankewa sam a gefe ɗaya, sai dai ya ƙaru ya ragu, shi ma indometasin ke kashe shi.

Na uku, mafi ƙaranci, shi ne SUNCT da ƙaninsa SUNA, sunayen da likitoci suka taƙaita daga Turanci. Sakan 1 zuwa minti 10, amma galibi bai kai minti ɗaya ba. Suka ce a kewayen ido, guda ɗaya ko a jere, tana iya zuwa sau goma, sau ɗari, ko fiye a yini. A SUNCT ido yana ja yana hawaye sosai tare da kowace suka, a SUNA ɗaya daga cikin alamun biyu ne ke bayyana, ko kuma na hanci kaɗai. Indometasin ba ya yi masa komai, iskar oksijin ma haka.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan rabewa shi ne magungunan ba sa aron juna. Wanda ke warkar da na biyu ba ya taɓa na uku. In an kira ciwo da sunan wani, an ba mutum maganin wani, sai ya fid da rai ya ce ciwonsa ba na asibiti ba ne.

Innata in tana alwala ta wanke fuska sai ta daskare, ta ce wutar lantarki ta ja ta a kunci. Har ta daina asuwaki a gefen. Wanne ne wannan?

Bayanin nan ya fi kama da ciwon jijiyar fuska, wato ita tirajeminal ɗin kanta. Fisga ce mai kama da jan lantarki, daga ƙiftawar ido zuwa minti 2, a gefe ɗaya, kuma ta fi zama a kunci da muƙamuƙi da dasashi, ba a ido ba. Ta fi kama waɗanda suka haura 50, mata sun fi yawa. Abin da ke tayar da ita ba abin a zo a gani ba ne: ruwan alwala, asuwaki, tauna goro, magana, murmushi, gefen mayafi ya shafi kunci, iskar hunturu, ko iskar da ke dukan fuska a kan babur. Tsofaffi da yawa suna ramewa saboda tsoron tauna, iyali kuma su ɗauka ƙin abinci ne na tsufa. A mafi yawan lokuta sanadin shi ne wata jijiyar jini ta kwanta a kan jijiyar daidai inda take fitowa daga ƙwaƙwalwa, bugunta ya ci rigar da ke lulluɓe da jijiyar fuskar.

Inda ake rikicewa shi ne tsakaninta da SUNCT, domin duka biyun gajeru ne kuma taɓawa na tayar da su. Likita zai duba abu uku. Wuri: SUNCT ido da goshi, ciwon jijiyar fuska ƙasa da haka. Hawaye: a SUNCT kamar an kunna famfo, a ɗayan ɗan kaɗan ne ko babu. Na uku shi ne hutu: a ciwon jijiyar fuska, da zarar fisga ta wuce akwai ɗan lokaci da ko an sake taɓa wurin ba za ta tashi ba, shi ya sa wasu tsofaffi ke hanzarin cin abinci a wannan tsakani. SUNCT ba shi da wannan hutu, ana taɓawa yana tashi. Maganin farko na ciwon jijiyar fuska shi ne karbamazafin, na SUNCT kuwa lamotirijin. Duka biyun asalinsu magungunan farfaɗiya ne. A gaya wa Inna tun farko cewa ba farfaɗiya aka ce tana da ita ba, don kada ta ji sunan a bakin wani ta ajiye maganin.

In wannan ciwo ya kama matashi, ko ya kama gefe biyu, ko akwai wurin da ya mutu ba a jin taɓawa a fuska, ko ji ya ragu a kunne ɗaya, to lallai a yi hoton ƙwaƙwalwa, domin akwai yiwuwar wani abu ne ke danne jijiyar.

An cire mini haƙori biyu, ciwon yana nan. In je a cire na uku?

Kada ka je tukuna. Wannan na daga cikin abubuwan da suka fi ɓata mini rai a sha'anin nan, domin haƙorin da aka cire ba ya dawowa. Ciwon haƙori na gaskiya yana zugi, yana daɗewa, ruwan sanyi ko shayi mai zafi na tayar da shi, kuma likitan haƙori yana ganin rami ko kumburi. In ciwon fisga ne na sakan, taɓa fatar kunci daga waje na tayar da shi, haƙoran kuma an duba ba su da laifi, matsalar jijiya ce. Kulasta ma yakan sauko har haƙoran sama. Duk wanda aka cire wa haƙori ɗaya ciwo bai sauya ba, ya tsaya a nan.

Idon da ke ja yana hawaye, ba ciwon ido ba ne kawai?

Yana iya zama, kuma akwai ɗaya mai haɗari da ba a wasa da shi: hawan jinin ido na farat ɗaya. Shi ma yana kawo ciwon kai a gefe ɗaya da jan ido. Bambancin shi ne gani yana dushewa, mutum na ganin zobe mai launi kewaye da fitila, ƙwayar ido ta yi tauri, sau da yawa da amai. Wannan na iya makantarwa cikin ɗan lokaci, a nemi likitan ido a ranar. A kulasta da 'yan uwansa gani ba ya raguwa, kuma da zarar ciwon ya ɗauke jan idon na bin sa. Ko ta halin ƙaƙa, kada a ɗiga wa idon tozali ko ruwan wani ganye.

Nakan ji kamar an soka mini allura a kai, sakan biyu ya wuce, yau nan gobe can. Abin tsoro ne?

In haka yake, wuri na sauyawa, babu hawaye, babu jan ido, babu wata alama, galibi sukar kai ce ta kawai, kuma ba ta da illa. Yawancinta ba ta wuce sakan 3, kuma ta fi zuwa wa masu ciwon ɓarin kai. In ta tsaya wuri ɗaya tak ba ta gusawa, ko ta fara bayan an haura 50, a nuna wa likita.

Babanmu ya haura 60, kullum ciwon kai ke tashinsa wajen ƙarfe uku na dare, da rana kuma lafiya. Kulasta ne?

Zai yiwu, amma a wannan shekaru akwai wani da ya fi dacewa, ciwon kan barci. Likitan Amurka Neil Raskin ya bayyana shi a 1988. Ba ya zuwa sai cikin barci, yana yin minti 15 zuwa awa 4, aƙalla dare 10 a wata, fiye da wata uku. Sau da yawa gefe biyu ne, zafinsa bai kai na kulasta ba, babu hawaye babu toshewar hanci. Baba zai tashi ya zauna, ya yi nafila ko ya sha ruwa, ba zagayen gigita ba. Abin mamaki, kofin gahawa kafin kwanciya yana hana shi zuwa ga mutane da dama.

Sai dai kafin a ba shi wannan suna dole a kore wasu abubuwa da ke tayar da dattijo da ciwon kai: hawan jinin da ke tashi da dare, faɗuwar sukari ga mai shan maganin ciwon sukari, minshari mai yanke numfashi, da ƙari a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma kumburin jijiyar jini ta gefen goshi, wanda ke kama waɗanda suka haura 50: gefen kai na zafi in an taɓa, muƙamuƙi na gajiya in ana tauna, gani na iya ɗaukewa. Ƙa'ida ita ce duk sabon ciwon kai bayan shekara 50 sai an bincika.

Ciwon da ke zuwa da tari, ko ɗaukar buhu, ko lokacin kwanciyar aure fa?

Duk ukun suna da nau'in da ba shi da illa, amma ba a yanke wannan hukunci sai an duba. Ciwon kan tari, wanda atishawa da yunƙurin bayan gida da dariya ma ke tayarwa, yana yin sakan 1 zuwa awa 2. Kusan 4 cikin 10 na masu shi ana samun sanadi a hoto, galibi ƙasan ƙwaƙwalwa ne ya ɗan zarce cikin ramin da ke ƙeya, musamman in matashi ne kuma ciwon a ƙeya yake. Na aikin ƙarfi ya fi zuwa cikin zafin bazara, ga manomi da ɗan dako da mai haƙa, kuma ƙarancin ruwa a jiki na ƙara shi.

Na kwanciyar aure kuwa kunya ke sa a ɓoye shi. Malam, Hajiya, likita ya saba jin irin wannan, ba ku ne na farko ba. In ya zo farat ɗaya da tsanani a karon farko, ana ɗaukarsa tamkar zubar jini a ƙwaƙwalwa har sai an tabbatar ba shi ba ne. Mai shan maganin ƙarfin maza, na kemis ko na gargajiya, ya faɗi gaskiya, domin wasunsu da kansu suna kawo ciwon kai.

Yaushe ne ba a jira gobe?

In ciwon kai ya kai ƙarshen tsananinsa cikin minti ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa ji ba, kamar saukar aradu. Wannan na iya zama fashewar jijiyar jini, kuma hoton sitisikan ya fi kama shi a awanni 6 na farko. Ko da ya lafa daga baya, a je, domin ƙaramar zuba takan riga babba.

Haka in ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan sanƙarau. Annobar da ta fara a jihar nan a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa maƙwabta a 2017 ba ta fita daga zukata ba, kuma lokacin sanƙarau shi ne daga hunturu zuwa ƙarshen bazara. Sai ciwon kai tare da karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar harshe, jijjiga, ruɗewa, ko gani bibbiyu. Sai mai juna biyu ko mai jego da kanta ke ciwo, ƙafa ta kumbura, tana ganin walƙiya. Sai wanda ya faɗo daga babur ko ya bugu a kai, ko da makonni sun wuce.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da yankinmu. Tun 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an san dalmar da ke cikin ƙurar niƙan dutsen zinariya tana shiga jini. Ciwon kan da gubar dalma ke kawowa ba gajere ba ne, mai naci ne, da ciwon ciki da kasala da mantuwa. Duk mai wannan sana'a, ko wanda ake niƙa a gidansu, ya faɗa wa likita ko ba a tambaye shi ba.

Na kashe kuɗi na yi hoton kai, an ce babu komai. Ke nan ƙarya nake?

Ba ƙarya kake ba, kuma kuɗinka bai tafi a banza ba. Waɗannan cututtuka ba sa fitowa a hoto ko a gwajin jini. Aikin hoton shi ne ya kore abin da ke kwaikwayonsu. Misali, ƙari a wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, yana iya kawo ciwo sak irin na kulasta ko SUNCT, shi ya sa ake son duk mai ɗaya daga cikin ukun nan ya yi hoton MRI sau ɗaya, wani lokaci da gwajin sinadarin furolaktin, musamman in al'adar mace ta rikice ko nono na zuba ba goyo. In hoto ya fito fes, albishir ne. Sunan ciwon kuma daga bakinka zai fito.

Tunda indometasin na warkarwa, me zai hana in saya in gwada?

Ma'aunin da ake gwaji da shi babba ne, ana ɗaga shi mataki-mataki har miligiram 150 a yini, wani lokaci 225, kuma maganin yana cin ciki. Yana iya kawo gyambon ciki da zubar jini, ya taɓa ƙoda, ya ɗaga hawan jini, kuma bai dace da mai juna biyu ba. Ana haɗa shi da maganin kare ciki, a sha bayan abinci. Wanda ya sha kwaya ɗaya ko biyu bai ga sauyi ba bai gwada komai ba, sai dai ya ɓata wa likita lissafi.

Sauran ma haka. Karbamazafin da lamotirijin na iya kawo mummunan ƙurji mai saɓule fata da baki, shi ya sa ake farawa da kaɗan, kuma duk ƙurjin da ya fito a makonnin farko a dakata a koma asibiti a ranar. Karbamazafin yana kuma raunana kwayoyin tazarar haihuwa. Berafamil, wanda ake ba mai kulasta don hana zuwansa, yana rage gudun bugun zuciya, sai ana auna zuciya duk lokacin da za a ƙara. Allurar sumatiriftan da ke yanke kulasta cikin mintuna ba ta dace da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba.

Akwai abin da ke yanke kulasta nan take?

Akwai: tsantsar iskar oksijin, lita 12 zuwa 15 a minti, ta takunkumin fuska mai jaka, mutum na zaune ya ɗan sunkuya, na minti 15 zuwa 20. Tana yi wa mafi yawan masu shi aiki. 'Yar robar hanci da ake sa wa marasa lafiya ba ta isa. Wanda aka tabbatar masa da wannan ciwo ya roƙi likita ya rubuta masa haka a takarda, ya riƙa nunawa a ɗakin gaggawa, don kada a ɓata lokaci ana gwajin maleriya. A lokacin da ciwon ke kansa ya nisanci giya da barcin rana, wasu kuma warin fetur da turare mai ƙarfi na tayar musu. Tukunyar oksijin da taba ba sa zama ɗaki ɗaya.

Iyali su lura da wani abu. Zafin kulasta yakan kai wasu ga fatan mutuwa. In ya furta haka, kada a tsawata masa ko a ce rashin tawakkali ne. A zauna da shi, a gaya wa likita.

Tiramadol fa? Shi kaɗai ke ba ni sauƙi.

Ba ya cikin maganin ko ɗaya daga cututtukan nan. Yana kama jiki, yana iya kawo jijjiga, kuma shan sa kwana 10 ko fiye a wata yana haifar da wani sabon ciwon kai na kullum a kan na farko. Farasitamol ma in ya kai kwana 15 a wata yana yin haka. Faɗi adadin da kake sha yadda yake, a taimaka maka ka rage.

An ce jifa ne, an yi mini ƙaho da sakiya a gefen kai. Da na ji sauƙi, sai ya dawo.

Ban ga laifin wanda ya yi wannan zato ba. Ciwon da ke zuwa ƙarfe ɗaya na dare, ido ɗaya na kuka, ya ɓace ba dalili, dole ya ba mutane tsoro. Amma kulasta da ciwon jijiyar fuska duk suna da ɗabi'ar tafiya da kansu na watanni, don haka duk abin da aka yi dab da tafiyarsu shi ke karɓar yabo. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa. Abin da nake roƙo a bari shi ne tsaga da ƙuna kusa da ido, da aska ɗaya ga mutane da yawa, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba a kan maganin asibiti.

Yaya zan yi da azumi?

Ciwon kan yunwa da rashin shayi daban ne: mai sauƙi ne, ya game kai, yana zuwa bayan azahar ya tafi bayan buɗa-baki. Mai ɗaya daga cikin cututtukan da muka ambata ya ga likita tun cikin Sha'aban. Wasu magungunan ana iya mayar da su sahur da buɗa-baki, wasu kuma, kamar indometasin sau uku a yini, ba sa yiwuwa da ciki wayam. Sauyin lokacin barci ma na iya tayar da kulasta. Kada a yanke karbamazafin ko lamotirijin farat ɗaya. Hukuncin ajiye azumi da ramuwa kuwa a kai wa malami tare da bayanin likita.

Ina zan je, kuma me zan riƙe?

A fara da babban asibiti mafi kusa. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a nemi ganin likitan sashen cututtukan manya. In ana bukatar likitan jijiyoyi ko tiyata, akan tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, ko na Shika a Zariya, ko na Aminu Kano. Ciwon jijiyar fuska da ya ƙi jin magani ana yi masa tiyatar ɗage jijiyar jinin daga kan jijiyar, kuma tana ba mutane da yawa sauƙi na shekaru.

Da yake tafiya a hanyoyinmu ba abu ne mai sauƙi ko arha ba, kada a je hannu rabbana. Likita da wuya ya ga ciwon da idonsa, kuma wanda ke cikin azaba ba ya iya kimanta lokaci, minti biyar sai ya ce awa. A samu wani a gida, mata ko ɗa ko ƙani, ya riƙe waya ya duba agogo: ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya ƙare, sau nawa a yini, wane gefe, me ake yi ya tashi, ya kwanta ne ko yana zagaye. A rubuta na mako biyu, da boko ko da ajami. Gani ya kori ji, don haka a ɗauki bidiyon fuskar a lokacin da abin ke kansa, cikin haske, idanu biyu su fito tare don a kwatanta. A zuba duk kwalayen magungunan da aka taɓa sha a leda, har da na gargajiya, da duk hoton da aka taɓa yi. In mai ciwon tsohuwa ce ko mai kunya, wanda ya saba ganin ciwon ya shiga ɗakin likita tare da ita.